Gansakuka a Cikin Kwalba

Zuwa ga 'Yar Maƙeri,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ta ƙugun nan da ya raba mu. Da fatan suna sa miki gishiri a abinci, don na san gidan 'yarki komai lami ake ci da sunan lafiya. Ki gaishe da jikoki. Mijinta ma ki gaishe shi, in ya tambaye ni.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Mai Agogo ne ke rubutawa ina faɗa masa, muna zaune a shagonsa na ƙasan benenmu. Na gaji da waya. Duk lokacin da na kira ki sai 'yarki ta danna abin nan da ke sa murya ta cika ɗaki, in ce miki ya jiki, in ji mutum biyar sun amsa. Ke kin yi aji huɗu, kina karatu da kanki. Ni ban taɓa shiga aji ba sai da burushi da bokitin farar ƙasa. Direban da ke kai kaya garinku ran Laraba shi zai miƙa miki hannu da hannu.

Ga abin da ya faru, tun kafin a kawo miki shi da ƙari. Ran Litinin waccan ina zuba ruwan zafi a kofi, sai yatsuna suka ƙage a mariƙin buta, suka tattaru wuri ɗaya kamar bakin kaza. Leɓena kuma ya yi ta zir-zir kamar tururuwa na yawo a kai. Butar ta faɗi. Ba wani abu ba ne, bayan ƙafa ne ya ɗan saɓule. Amma Mai Agogo ya ji ƙarar daga ƙasa, kin kuwa san shi, agogon mutane ya kwana wata a hannunsa, labarinsu ba ya kwana. Shi ya buga wa 'yarki. Yanzu ya ajiye biro wai ba zai rubuta zagin kansa ba. Na ce ya rubuta, ga shi ya rubuta.

Washegari ta iso. Gaisuwa a tsaye, ta wuce ta buɗe firij, ta tsaya tana kallonsa kamar an yi rasuwa a ciki. Wai Baba tun tafiyar Mama shayi da burodi kake ci, shayin ma ba madara? Na ce mata da shayi da burodi na ɗora rabin rufin unguwar nan. Ba ta saurare ni ba, ta sa ni a mota.

A asibiti suka ɗebi jini. Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yarki ba. Ta ce wani abu da ake kira kalsiyam ya yi ƙasa a jinina, shi ne ke riƙe ƙashi da jijiya, kuma in jini ya rasa shi sai ya dinga ɓalle shi daga ƙashi. Wato kamar mai cire bulo daga katangar baya yana toshe ta gaba. Misalin nawa ne, ita da lambobi ta yi magana. Ta rubuta ƙwaya iri biyu. Ɗaya 'yar ƙarama kamar idon kifi, sau ɗaya a mako, wai a madadin rana. Ni da na yi shekara arba'in da biyar a kan tsani rana na dafa min ƙeya. Na karɓa dai, tun da kika tafi ba na fita sosai, ba ni da ta cewa. Ɗayar kuma babba, biyu kullum. 'Yarki ta je kantin magani ta zaɓo wadda aka ce ba ta cika ɗaure ciki ba, a koriyar kwalba, ta nuna wa likitar, ta ce ta yi.

Bayan ta tafi na sauko wa Mai Agogo da kwalbar. Ya maƙala madubinsa a ido ya karanta. Ya ce, Magini, wannan da gansakukar teku aka yi ta.

'Yar Maƙeri, gansakuka. Ke kin san abin da ke tsakanina da ita. Bango nawa na kankare? Ita ce ke kama gindin katanga ta tsotse shi, shafe ya kumbura ya zube kamar ƙurji. Kuma ta teku. Ko yashin teku ban taɓa yarda ya shiga kwaɓina ba, gishirinsa cin rodi yake daga ciki, gini yana tsaye yana mutuwa. Yau ni za a ce in haɗiye su biyun a ƙwaya ɗaya don ƙashina ya yi ƙarfi? Abin da ke cin bango shi zai gina mutum?

Na faɗa mata a waya. Ta ce to Baba, wata uku. In an sake gwaji lambar ba ta tashi ba, za ta kulle saman, ta ba da shi haya, ta ɗauke ni zuwa can. Ba ta ɗaga murya ba, irin taki ce. Kuma da za ta tafi, ashe ta sa an ɗauke tsanina an bayar. Tsanin da na haɗa da hannuna.

Ɗaukar mutum ba ta yi musu wuya. Haka suka ce mako biyu za ki yi a can bayan takalmin roban nan da na hana ki sawa ya zame da ke a matakala. Yau shekara ɗaya da wata biyar. In na bar gidan nan, ina za ki dawo? Gadonki na nan a gyare. Ina zuba wa shukarki ta bakin taga ruwa, ko da yake ba ta gode min.

Allah ya ƙara sauƙi. Ki amsa ta hannun direba.

Naki,
Magini

*

Zuwa ga 'Yar Maƙeri,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, takardarki ta iso, Mai Agogo ya karanta min ita sau biyu. Na ji daɗin cewa kina takawa da sanda har bakin ƙofa. Sauran maganar ban ji daɗinta ba.

Ashe ke ma kin shiga layinsu. Wai ke ma irin ƙwayar nan kike sha tun bara, ba ki ga ganye ya tsiro miki a kunne ba. Mai Agogo ya yi dariya har madubinsa ya faɗo. Ni ban ga abin dariya ba. Ke ba ki san bango ba. Gansakuka ba rana ɗaya take nuna kanta ba, shekara take yi tana aiki a ɓoye. Kuma kika ce taurin kaina ya fi simintina ƙarfi. Simintina dai bai taɓa ba ki kunya ba.

Zan faɗa miki gaskiya tunda ba mai karanta takardar nan sai ke. 'Yarki na kira kullum da safe ta ce in girgiza kwalbar a bakin waya, ran Asabar kuma ta sa Mai Agogo ya hau ya ƙirga. To kullum ina cire biyu. Ina zuba su a tsohon gwangwanin fentin da ke baranda, bayan buhun farar ƙasar nan da ya rage tun shafen ƙarshe. Lissafi na fita daidai, kowa ya huta. Mai Agogo yanzu yake jin wannan, da kunnensa da bironsa. Ya ce na mayar da shi maƙaryaci mako biyar. Na ce ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani ya ƙirga. Ya rantse ba zai faɗa mata ba, amma ya ce in na faɗi na mutu shi ba ruwansa. Na ce in na mutu wa zai tambaye shi.

Ba don lafiya ta samu nake wannan ba. Ba ta samu ba. Da safe sai na zauna bakin gado na jira ƙafafuna su yarda da ni. Sha-raɓa takan ɗaure kamar an sa igiya. Ina gajiya ba tare da na yi komai ba, irin gajiyar da barci ba ya wankewa. Da can in na dawo aiki a gajiye na san abin da na sayo da gajiyar, ga bango a tsaye. Wannan ba ta bar komai a baya.

Bangon matakala ya tsage, daidai kan ta bakwai in an ƙirgo daga ƙasa. Siririn tsagu ne, amma kin san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekaranjiya na ce bari in toshe shi. Na kwaɓa ɗan siminti a ƙofar shago, na ɗauki cokalin gini. Ɗiba ɗaya na yi, hannun ya ƙage a kan ƙotar. Ba ya sakin cokalin, ba ya kuma juya shi. Ina tsaye a bakin titi da rana tsaka, mai wankin mota na kallo, matar mai shagon kayan miya na kallo. Mai Agogo ne ya fito ya dinga ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, yana cewa sannu Magini, sannu, kamar mai lallashin jinjiri. Kwaɓin ya bushe a ƙasa. Da safen nan na ga kaza ta taka shi.

Akwai waɗanda na koya wa riƙon cokali a unguwar nan, yanzu suna da motoci. Ɗaya ya wuce a lokacin, ya sauke gilashi ya ce, Baba a huta mana haka nan. Bai ma tsaya ba. Shi ne wanda ya yi shekara biyu bai iya fitar da kusurwa ba.

Ban faɗa wa 'yarki ba, ke ma kada ki faɗa. Saura mako bakwai a yi gwajin. Na fara sa madara a shayi, na sayi ƙananan kifin nan da ake ci da ƙayarsu, likitar ta ce suna taimakawa. Da abinci zan tashi lambar, ba da dattin teku ba.

Shukarki ta zubar da ganye uku. Ban san me take so ba. Ki gaya min sau nawa kike ba ta ruwa.

Ki gaishe da yaran. Ki ce wa ƙaramar na ga zanen da ta aiko, gidan ya yi kyau amma ƙofarsa ta karkace.

Naki,
Magini

*

Zuwa ga 'Yar Maƙeri,

Ina gaisuwa, ina tambayar jiki da kwanan gida. Na rage wa shukar ruwa kamar yadda kika ce, ta daina zubar da ganye. Ashe yawa ne ya yi mata.

Yau maganar da zan faɗa ba ta da daɗin faɗa, kuma bakina ma ciwo yake, za ki ji dalili. Mai Agogo ya gyara zama, ya san labarin, jira yake ya ji yadda zan juya shi.

An yi ruwa ran Alhamis da iska, ya bugo baranda. Da gari ya waye na je zuba ƙwayoyin ranar a gwangwani, na tarar murfin ya goce, ruwa ya shiga. Duk sun narke. Na zaci zan ga kore, mai yauƙi, mai wari. 'Yar Maƙeri, fari na gani. Farin kwaɓi lukui, na gefen gwangwanin ya fara bushewa. Na sa yatsa na murza. Hannun nan ko ya lalace bai manta ba. Na shafa a bango, na ja kujera na zauna ina jira. Ya bushe fari, yana barin gari a yatsa. Sai na tuna yadda muke gane ragowar farar ƙasa a kan tayil, in an ɗiga abu mai tsami ta yi kumfa. Na yanko lemun tsami na matsa. Ya tafasa, yana 'yar ƙara, sak irin wadda na sani.

Na ɗauki kwalbar na tafi kantin maganin da kaina, tafiyar da a da ba na jin ta, ranar sai da na zauna sau biyu. Matar da ke wurin mai haƙuri ce. Na ce ta gaya min tsakani da Allah mene ne a ciki. Ta ce wani tsiro ne na ƙarƙashin teku, amma ba irin mai santsin da nake nufi ba. Wai yana tsotsar abin nan daga ruwa yana tara wa jikinsa, a hankali, shekara da shekaru, har ya taurare kamar dutse. Shi ake ɗebowa a wanke a niƙa. Ta nuna min hotonsa a waya, wasu 'yan rassa masu tauri kamar tsakuwa. Na ce mata, to ai wannan magini ne. Ta ce in na ga dama in kira shi haka.

Kin ji. Mako bakwai ina gaba da ɗan'uwana a sana'a saboda kalma ɗaya. Na dawo na tsaya a kan Mai Agogo na ce ina ya samo gansakuka. Ya ce shi abin da ke jikin kwalba ciyawar teku ne, to da ya rasa yadda zai ce, sai ya ga ai duk abin da ya tsiro a ruwa gansakuka ne. Na ce da haka yake fassara wa mutane agogo shi ya sa kowa a layin nan ke makara. Ya ce ko da ya ce min zuma ce da sai na sami abin ƙi, tunda 'yata ce ta kawo. Na ɗauki kwalbata na bar masa shagon. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma da na hau sama na zauna, sai idona ya faɗa kan buhun nan na baranda. Na ce to, in dai farar ƙasa ce jikina ke nema, me ya kai mu teku? Ga rabin buhu, tawa, wadda na san inda aka ƙona ta. Ga kuma mako bakwai da na yi asara, ƙwaya biyu a rana yaushe za su cike? Na ɗebi kan cokalin shayi na dama a kofi.

Kurɓa ɗaya na yi, Allah ya taimake ni ban haɗiye ba. Kamar na sa garwashi a baki. Na tofar, na yi ta kurkure da ruwa, harshe da dasashi duk suka sale. Ni da na san yadda take cin hannun lebura in bai sa safa ba, ni ne na kai ta baki. Ba wanda ya fi ni sanin wannan a duk unguwar nan, kuma ni na yi.

Mai Agogo ya rufe shago ya raka ni wurin matar kantin maganin nan. Ta duba bakin, ta ba ni abin kurkura, ta ce in maƙogwaro ya fara ciwo ko haɗiya ta gagara in wuce asibiti kai tsaye. Sannan ta yi min faɗa irin wanda rabona da shi tun uwata na da rai. Ta ce dangi ne amma ba ɗaya ba ne, ta gini an ƙona ta da wuta, wutar na nan a cikinta. Ta ce kuma ko ta kwalbar kada in kuskura in ninka don in rama kwanakin baya, yawanta ma ciwo ne, biyun da likita ta ce ita ce biyu. Na ce na ji. Ta ce in maimaita. Na maimaita, da kumburarren harshe, a gaban mutane.

Kwana huɗu ke nan ina shan abu mai ruwa-ruwa da sanyi. Ƙwayar kuwa ina sha, ɗaya da safe ɗaya da yamma, bayan abinci. Saura mako biyar. Ban sani ba ko za su isa. Shi tsiron shekaru ya yi yana tarawa.

Kwaɓin gwangwanin ban zubar ba, ba na zubar da kayan aiki. Na cusa shi a tsagun matakala da babban yatsa. Ba zai riƙe ba, na sani, ba siminti a ciki. Amma ya rufe ido.

Kada ki yi dariya inda za su ji su tambaye ki.

Naki,
Magini

*

Zuwa ga 'Yar Maƙeri,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki, ya zama. Na san 'yarki ta riga ni kawo miki labari, amma ki ji daga bakina.

An yi gwajin. Lambar ta tashi. Ba ta kai inda likitar ke so ba, amma ta shiga gefen layi, ta ce a ci gaba a dawo bayan wata uku. Hannun ya yi kwana goma sha takwas bai ƙage ba. 'Yarki ta daɗe tana kallon takardar a cikin mota, sannan ta ce to Baba, magana magana ce, ka zauna. Har ta ce za ta sa a dawo min da tsani in na yi alkawarin ba zan hau ba. Na ce to me zan yi da shi, in rataya wanki? Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin faɗuwarki. Ta rame, ban lura ba sai ranar. Tafiyar awa huɗu take yi ta zo ta koma a yini ɗaya.

Na ci, ke nan. Na hau sama na buɗe tagogi, na kakkaɓe gadonki.

Sai ran Laraba direba ya kawo takardarki. Mai Agogo ya fara karantawa da murya, da ya kai tsakiya ya rage ta. Na ce ya ɗaga, ba kurma ba ne ni. Kika ce kin yi murna. Kika ce amma in daina gyara gadon, likitanki ya faɗa tun watanni shida da suka wuce cewa ke da matakala har abada, ko uku ce, balle goma sha tara. Kika ce kin hana 'yarki faɗa min don kin ga gidan ne ke tashe ni da safe.

Wata shida kowa ya sani sai ni. Ina ta faɗa da yarinya, ina ɓoye magani kamar ɓarawo, ina ƙona bakina, a kan in tsare miki ƙofar da ba za ki iya kaiwa ba. Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ban sauko ba. Na shirya maganganu da yawa da zan sa a rubuta miki, masu zafi. Da na sauko yau na neme su na rasa. Gajiya ta cinye su.

Abin da ya rage shi ne wannan, kuma na ce wa Mai Agogo ya rubuta, kada ya ɗago ya dube ni.

Ba takalminki ba ne. Matakala ta bakwai ta fi sauran tsawo da faɗin yatsa ɗaya. Ranar da na zuba ta magariba ta kawo kai, na gaji, ban sake awo ba. Da na cire katako washegari na gani. Gyaranta sai an fasa uku na sama da ita, ga mutane sun riga sun zo suna yaba aiki. Na ce ƙafa za ta saba. Kin ce min tun ana tona tushe in yi su gajeru masu faɗi saboda tsufa, na ce miki 'yar maƙeri ba ta koya wa magini gini. Shekara talatin da ɗaya ina hawa ina jin ta a gwiwata, ban faɗa wa kowa ba. Da kika faɗi, ina saukowa na ga inda kike kwance, na ƙirga. Sannan na ga takalmin a gefe, na kama shi na riƙe har yau.

Ban san abin da ake cewa bayan wannan ba. Ki yafe min in kin iya. In ba ki iya ba yanzu, ina nan, ba inda za ni, an ba ni izinin zama.

Naki,
Magini

*

Zuwa ga 'Yar Maƙeri,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidan duka, har da mijinta.

Takardarki gajera ce, na sa an karanta min har na haddace. Wai kin sani tun makon da muka tare. Wai shekara talatin kina ɗaga ƙafa a ta bakwai, kin koya wa yara ma, kun bar ni da sirrina don kada a taɓa min sana'a. Ranar dai mantawa kika yi. To. Ashe gidan nan kowa da abin da yake toshewa da yatsa.

Amma maganar da kika sa a ƙarshe ita ta hana ni sukuni. Kika ce bangon banɗakin ɗakinki ya yi kore daga ƙasa, shafen yana kumbura, sun kira wani ya shafa fenti a kai, ta sake fitowa. Fenti a kan gansakuka! Wane jahili ne wannan? Ba a rufe ta. Kankarewa ake yi har a kai bulo, a nemo inda ruwan ke shigowa, a bar bango ya sha iska, sannan a yi sabon shafe. Kuma ba a gaggawa. Kina shaƙar wannan danshin da ƙugu mai ciwo, ba wanda ya gaya min.

Zan biyo direba ran Laraba. Ki faɗa wa 'yarki da kyau, kada ta fahimce ni a karkace: ba tarewa zan yi ba, aiki zan zo yi. Gwajina na ci, gidana na nan. Ta tanadi siminti buhu ɗaya da yashi mai kyau, in gan shi da idona kafin a sauke. Cokalina da burushin ƙarfe zan taho da su. Kwalbar ma tana cikin jaka, ba sai ta tambaya ba. In akwai wuri a ɗakinki a sa min katifa, ba na son ɗakin baƙi, kuma aikin yana son a dinga duba shi da sassafe.

Shukarki zan riƙo ta a cinya, ba zan bar wa Mai Agogo ba, kashe ta zai yi da ruwa. Mabuɗin sama dai na ba shi. Ya tambaye ni kwana nawa zan yi, don ya san abin da zai ce wa masu tambaya. Na ce mako biyu.

Ya rubuta. Yana ta goge madubinsa.

Sai na iso.

Naki,
Magini